Zuwa Ga Edita: Hasken Rana Ya Yi Araha, Bashi Ne Ke Da Tsada

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan yadda ake kawo mana labarin makamashi mai tsafta da sauyin yanayi, domin a ganina kafafen yaɗa labarai sun fi zuba ido a ɓangaren da ya fi ƙarancin tasiri. Duk ƙarshen shekara, idan shugabanni suka hallara a babban taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai shafuka su cika da jawabai da hotunan musabaha, a ce an yi alkawarin kaza, an ware biliyan kaza. Da an watse kuma sai a yi tsit har shekara ta zagayo. Alhali abin da zai yanke hukunci a kan ko duniya za ta rabu da hayaƙin kwal da man fetur yana gudana ne a wuraren da ba kasafai ake tura wakili ba, wato masana'antun da ke ƙera allunan sola da batura, da ɗakunan bankuna inda ake yanke kuɗin ruwa, da dazuzzukan da ake kafa turakun wutar lantarki.

Ba zan tsaya dogon bayani a kan ko ɗumamar duniya gaskiya ce ba, domin magana ce da ta daɗe da tabbata. Tun a 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa ƙaruwar iskar kabon a sararin sama za ta ɗaga zafin doron ƙasa. A 1958 Charles Keeling ya fara auna wannan iska a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawai, ya tarar da ita kusan ɗigo 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu ba ta wuce kimanin 280 ba, yau kuma ta haura 420. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, inda zafin ya ɗara na kafin zamanin masana'antu da kusan digiri 1.55 a ma'aunin Selshiyos, wato ya tsallake, ko da na shekara guda ne, iyakar digiri 1.5 da ƙasashe suka ce a Faris a 2015 za su yi ƙoƙarin kada a ƙetare.

Idan muka bi tarihin tarukan nan kuwa, za mu ga dalilin da ya sa nake ganin an ba su muhimmancin da ya fi ƙarfinsu. An rattaba hannu kan yarjejeniyar farko a Riyo ta ƙasar Barazil a 1992, aka yi ta Kyoto a 1997. A Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020, amma ba a cika adadin ba sai a 2022, kuma babban kaso na kuɗin rance ne da za a biya. Sai a taron Dubai na 2023, karo na 28 ke nan da ake zama, aka iya rubuta a takardar ƙarshe cewa ya kamata duniya ta fara janye jiki daga kwal da man fetur da gas, abin da kowa ya san shi ne tushen matsalar tun ranar farko. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin kuɗi zuwa dala biliyan 300 a shekara nan da 2035. Amurka ta fice daga yarjejeniyar Faris a 2020, ta dawo a 2021, sannan a watan Janairun 2025 Shugaba Trump ya sake sa hannu kan ficewarta. A tsawon wannan kai-da-kawo, hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa daga ƙone makamashi ya tashi daga kimanin tan biliyan 22 a 1990 zuwa kimanin biliyan 37 a shekara.

Ba ina cewa yarjejeniya ba ta da amfani ba ne. Wadda aka ƙulla a Mantiriyal a 1987 domin hana sinadaran da ke huda rufin sama mai tare zafafan hasken rana ta yi aiki ƙwarai, har rufin ya fara warkewa. Amma ta yi aiki ne saboda an samu wasu sinadaran da za su maye gurbin waɗanda aka hana, a kan kuɗin da masana'antu za su iya ɗauka. Gwamnatoci ba sa barin abin da jama'arsu ke dogaro da shi sai sun ga madadinsa a hannu.

To, madadin ya samu, kuma wannan shi ne babban labarin da ya dace a riƙa bugawa a shafin farko. A 1954 ne masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen Bell da ke Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta farko mai amfani, wadda ke mayar da kashi 6 cikin 100 kacal na hasken da ya faɗa mata zuwa lantarki, kuma tsadarta ta sa shekaru da yawa ba mai iya sayenta sai masu harba tauraron ɗan'adam. Abin da ya sauya lamarin ba wani gagarumin binciken kimiyya ba ne. A shekarar 2000 Jamus ta kafa dokar da ta tabbatar wa duk wanda ya ɗora sola a rufinsa cewa za a sayi wutarsa a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Buƙata ta taso, masana'antun China suka shiga ƙerawa da yawan gaske, kuma an lura cewa duk lokacin da jimillar allunan da aka taɓa ƙerawa ta ninka, farashinsu yakan faɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Haka aka yi ta ninkawa har kuɗin samar da wutar sola ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa farkon shekarun 2020, batirin litiyom ma ya bi sahu da makamancin haka. Masu biyan kuɗin wuta a Jamus sun sha tsada a lokacin, sun kuma yi ta gunaguni, amma a zahiri sun saya wa duniya duka araha.

Sakamakon ya bayyana a wuraren da ba wanda zai zarge su da ƙaunar muhalli. Jihar Texas, cibiyar man fetur ta Amurka, ita ce kan gaba a ƙasar wajen samar da wuta daga iska, domin manoma da makiyayanta sun ga akwai riba a ba da hayar fili ga masu kafa manyan fankoki. A Pakistan, inda wutar gwamnati ta yi tsada ga yawan ɗaukewa, talakawa da masu masana'antu da manoman rani sun shigo da allunan sola daga China da yawan da ya ba masana mamaki a 2024, ba tare da jiran wani shirin gwamnati ba. Ingila, wadda ta buɗe tashar wutar kwal a Landan tun 1882, ta rufe ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumban 2024. Denmak tana samun fiye da rabin wutarta daga iska, Kenya kuma mafi yawan tata daga tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkaria da madatsun ruwa da iskar Tafkin Turkana take fitowa.

Mai karatu zai iya tambaya: tunda abin ya yi araha haka, me ya sa nahiyar da ta fi kowa rana ta fi kowa duhu? Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa Afirka na da kusan kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da sola a duniya, amma abin da ke isa gare ta daga jarin makamashi mai tsafta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma mutane kusan miliyan 600 a nahiyar ba su da lantarki. Amsar tana cikin yadda ake biyan kuɗin irin wannan tasha. Wanda ya gina tashar gas yakan kashe kuɗi kaɗan a farko, sannan ya yi ta sayen gas har iyakar rayuwar tashar. Wanda ya gina gonar sola kuwa kusan duk kuɗin da zai kashe a ranar farko yake zuba su, bayan haka ba ya sayen komai, sai ɗan wanke ƙura da gyare-gyare. Ma'ana, farashin wutar da zai sayar na shekaru 20 ko 25 masu zuwa kusan gaba ɗayansa biyan bashin da ya ci ne.

Bari in kawo lissafi mai sauƙi wanda kowa zai iya gwadawa. A ce mutum biyu kowanne ya ranci dala miliyan 100 don gina gonar sola iri ɗaya, da allunan kamfani ɗaya, za su biya cikin shekara 20. Na farko ya samu rancen a kan kuɗin ruwa kashi 4 cikin 100, zai riƙa biyan kusan dala miliyan 7.4 a shekara. Na biyu an yanka masa kashi 12, zai riƙa biyan kusan miliyan 13.4. Ko da ƙasar na biyun ta fi ta na farko rana nesa ba kusa ba, wutarsa za ta fi tsada, domin ranar da ta ƙaru masa ba za ta cike giɓin da kuɗin ruwa ya buɗe ba. Masu ba da rance suna kafa hujja da cewa kuɗin ƙasar na iya faɗuwa, ko kamfanin rarraba wuta ya kasa biya, ko gwamnati ta sauya ta soke kwangila. Wani ɓangare na wannan tsoro ƙari ne da son zuciya, amma wani ɓangaren gaskiya ne, kuma gyaransa yana hannun gwamnatocin ƙasashe masu tasowa da kansu. Ƙasar da kamfanin wutarta ke raba lantarki ba ya iya karɓo kuɗinsa, ko take sauya doka a tsakiyar kwangila, ita ke ƙara wa kanta kuɗin ruwa, ba sai wani ya yi mata mugunta ba. A ɗaya ɓangaren, idan ƙasashe masu arziki da bankunan raya ƙasa da gaske suke, tsayawa a matsayin masu lamuni domin a sauke kuɗin ruwan nan ya fi kowane jawabi amfani. Shirin dala biliyan 8.5 da aka sanar a Gilasgo a 2021 don taimaka wa Afirka ta Kudu ta rage dogaro da kwal ya gamu da suka a ƙasar saboda galibinsa rance ne, kyautar da ke ciki ƴar kaɗan ce.

Matsala ta biyu ita ce waya. Lantarki ba kamar hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira bazara. Abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa, in ba haka ba bugun wutar, wanda a yawancin ƙasashe ake riƙe shi a kan zagaye 50 cikin daƙiƙa, zai kauce, na'urorin kariya su yanke layi. Mai kula da babban layin wuta a ƙasar da ta cika da sola yana fuskantar abu guda kullum: da tsakar rana wuta ta yi yawa har a rasa mai saye, da magariba kuma, daidai lokacin da mutane suka koma gida suka kunna fitilu da fanka da talabijin, sai ranar ta faɗi, dubban megawat su ɓace cikin sa'a biyu. Manyan batura sun fara magance wannan giɓi na ƴan sa'o'i, tun daga wanda kamfanin Tesla ya kafa a Hornsdale ta Kudancin Ostareliya a 2017 har zuwa tarin da ke Kalifoniya yau, kuma akwai tsohuwar dabarar tura ruwa zuwa tafkin kan tudu da rana a sako shi da dare ya juya injin. Abin da har yanzu ba a gama warwarewa ba shi ne makonnin da hadari ya rufe sama kuma iska ta kwanta, musamman a lokacin sanyin ƙasashen arewa. Don haka ake buƙatar dogayen layuka masu haɗa yanki da yanki, domin idan babu iska a nan a samo daga can. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 sai an shimfiɗa ko an sabunta layin wuta mai tsawon kilomita miliyan 80 nan da 2040, kwatankwacin duk wanda ake da shi a duniya yanzu. Ana iya kammala gonar sola cikin shekara guda, amma layin da zai ɗauki wutarta yakan ci shekara goma tsakanin neman izini da biyan diyyar filaye da shari'a, ga shi kuma manyan taransfoma sun yi ƙaranci a kasuwa. Ɗaukewar wutar da ta jefa Sifaniya da Fotugal cikin duhu a ranar 28 ga Afrilun 2025 ta tuna wa kowa cewa daidaita ƙarfin wuta a kan layi aiki ne da ba a yi masa sakaci.

A nan zan ɗan ratse in ce ban ga hikimar Jamus ba da ta rufe tashoshin nukiliyarta uku na ƙarshe a watan Afrilun 2023 alhali tana ci gaba da ƙona kwal, ga maƙwabciyarta Faransa tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya ba tare da hayaƙi ba. Gina sabuwar tashar nukiliya yana da tsada da jinkiri, wannan gaskiya ne, amma kashe wadda ke aiki lafiya wata magana ce dabam.

Masu zumuɗin makamashi mai tsafta su ma suna da nasu gyaran, domin sukan yi magana kamar an gama yaƙi. Lantarki kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na makamashin da ɗan'adam ke amfani da shi, kuma har gobe kimanin kashi 80 cikin 100 na makamashin duniya daga kwal da mai da gas yake. A ɗauki siminti, wanda shi kaɗai ke da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon. Ana gasa farar ƙasa a cikin wata doguwar tanda mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450, kuma fiye da rabin hayaƙin daga jikin dutsen kansa yake fita lokacin da zafi ya sauya shi, ba daga wutar da aka hura ba. Ko da an gasa shi da wutar sola zalla, wannan kason zai fita. Ƙarfe ma da kwal ake raba shi da tsatsarsa a cikin tanda, takin zamani da gas ake haɗa shi, jiragen sama da manyan jiragen ruwa kuma ba su da batirin da zai ɗauke su. Akwai gwaje-gwaje, irin na narka ƙarfe da iskar haidurojin da ake yi a Suwidin, amma duk suna matakin tsadar da sola take ciki shekaru 25 da suka wuce, suna jiran wanda zai yarda ya fara saya da tsada.

Haka kuma kalmar tsafta ba ta hana a tambayi inda kayan suka fito. Kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt da ke shiga batura daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ake haƙo shi, kuma an sha samun rahoton yara a ramukan masu haƙar hannu. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 domin a riƙa sarrafa shi a gida, ta kuwa samu masana'antu da ayyukan yi, sai dai da wutar kwal ake narka shi, dazuzzuka kuma sun tafi. Duk da haka bai dace a daidaita ɓarnar biyu ba. Kwal ɗin da duniya ke haƙowa ya haura tan biliyan 8 a shekara, ana ƙone shi sau ɗaya a koma a haƙo wani, ma'adinin batir kuwa ana iya narka shi a sake amfani da shi. Dogaro da ƙasa guda, wato China, wadda ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan sola, shi ma abin dubawa ne.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su a wannan muhawara. Fiye da mutum biliyan 2 a duniya har yanzu da itace ko gawayi ko kashin dabbobi suke girki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara, ciki har da mata da ƙananan yara masu yawa. Ra'ayina shi ne duk wanda ya hana a tallafa wa irin waɗannan gidaje da tukunyar gas da sunan kare yanayi bai yi adalci ba, musamman idan ana girka nasa abincin da gas ɗin. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma ambaliyar da ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan a 2022 ta nuna cewa masu ƙaramin laifi ne ke fara ɗanɗana kuɗa. Sai dai wannan hujja ba ta zama matashin da ƙasashe masu arzikin mai za su kwanta a kai ba. A Nowe kusan motoci 9 cikin 10 da aka saya sababbi a 2024 masu lantarki ne, a China kuma, kasuwar mota mafi girma a duniya, kusan rabin sababbin motoci ana iya caja su. Masu sayen ɗanyen mai ba za su nemi izinin masu sayarwa ba kafin su rage saye, kuma ita Nowe ɗin, da yake tana da mai, tun 1990 ta kafa asusun tara rararsa. Da ma Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, ya Edita, roƙona shi ne idan wani shugaba ko minista ko kamfani ya sanar da sabon aikin makamashi, wakilanku su riƙa tambayar nawa ne kyauta a cikin kuɗin, nawa ne rance, a kan kuɗin ruwa nawa, da wane irin kuɗi za a biya, sannan ina layin da zai kai wutar ga masu amfani da ita, kuma wa ya ɗauki nauyin gina shi. In da hali, a keɓe wani shafi da zai riƙa komawa kan ayyukan da aka sanar shekara biyu ko uku baya, a gaya wa masu karatu megawat nawa aka ce za a samar, nawa kuma suka hau layi.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai bibiyar jaridarku.